California Love: tambayoyi da amsoshi kan waƙar da ta haɗa Tupac, Dr. Dre da Roger Troutman

Akwai kiɗan da ko ba ka san sunansa ba, da zarar ya tashi za ka ce ai ka san shi. California Love na cikin irinsu. Waɗanda suka yi tashen samartaka a ƙarshen shekarun 1990, zamanin kaset da hoton Tupac a bangon shagon aski, sun haddace amshinta tsaf, da yawansu ba tare da sun san abin da ake faɗa a baitocin ba, balle su san inda aka samo kiɗan. Ga tambayoyin da masu sauraro suka fi yi a kanta.

Wace waƙa ce wannan, kuma yaushe ta fito?

Waƙar gambara ce, wato rap, da kamfanin Death Row Records na birnin Los Angeles ya saki a watan Disamba na 1995. Sunan Tupac Shakur ne a gaba. Dr. Dre shi ya haɗa kiɗan, shi kuma ya rera baitin farko. Roger Troutman ya yi amshi da wata murya mai kama da ta na'ura. Baiti biyu ne kacal a cikinta, kowanne layi 16, sauran duk amshi ne da kiran sunayen garuruwa. Ita ce waƙar farko da Tupac ya fitar bayan ya baro kurkuku. A watan Yuli na 1996, ita da How Do U Want It, wadda aka buga su a faifai ɗaya, suka hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka, suka yi mako biyu a can.

Tupac da Dre tsofaffin abokai ne?

A'a. Kasuwanci ne ya haɗa su, kuma zaman nasu bai daɗe ba.

A watan Fabrairu na 1995 wata kotu a New York ta ɗaure Tupac bisa laifin cin zarafin wata mata, aka kai shi gidan yarin Clinton da ke arewacin jihar. Yana ciki kundinsa Me Against the World ya fito, ya kuma hau matsayi na ɗaya. Ga suna, ga farin jini, amma babu kuɗin beli. Nan Suge Knight, mai kamfanin Death Row, ya shigo: aka ajiye belin dala miliyan 1.4 kafin a saurari ƙarar da Tupac ya ɗaukaka, shi kuma ya sa hannu zai yi wa kamfanin aiki. Ya fito a watan Oktoba na 1995, ya wuce Los Angeles, ya faɗa situdiyo kamar mai bin bashin lokaci. Wata huɗu bayan fitowarsa, ranar 13 ga Fabrairu 1996, aka saki All Eyez on Me, kundi mai faifai biyu da waƙoƙi 27.

Shi kuwa Dre, shi ne ginshiƙin kiɗan Death Row tun daga kundinsa The Chronic na 1992, amma a lokacin da Tupac ke shigowa, shi ƙafarsa ɗaya ta riga ta fita waje. Rigingimun kamfanin sun ishe shi. A watan Maris na 1996 ya tattara ya tafi, ya kafa nasa kamfanin, Aftermath. A cikin waƙoƙi 27 ɗin nan, biyu kawai Dre ya haɗa wa kiɗa: wannan da Can't C Me. Kafin shekarar ta ƙare ma Tupac ya riga ya fara yi masa habaici a waƙa. Don haka abin da kake ji a California Love haɗuwa ce ta 'yan watanni tsakanin mai shigowa da yunwa da mai fita da gajiya.

Ina aka samo wannan kiɗan fiyano mai maimaita kansa?

Daga Ingila, abin mamaki. Joe Cocker, mawaƙi mai dusasshiyar murya ɗan garin Sheffield, ya fitar da wata waƙa a 1972 mai suna Woman to Woman, wadda suka rubuta shi da makaɗin fiyanonsa Chris Stainton. Nemo ta ka saurara. Ba za ka yi daƙiƙa biyar ba za ka ji shi: ɗan gajeren zagayen fiyano mai dukan ƙasa, da kayan busa suna amsa masa. Wannan shi ne ƙashin bayan California Love.

Ba Dre ne ya fara gano ta ba. 'Yan gambarar New York sun riga shi, domin Ultramagnetic MCs da EPMD duk sun yi amfani da wannan zagayen a ƙarshen shekarun 1980. Amma saurari nasu ka saurari nasa. Nasu yana da ƙura, kana jin tsohon faifai a cikinsa, kuma haka suke so. Na Dre a wanke yake tas. Kowane abu yana da mazauninsa: babbar ganga a ƙasa, ƙaramar ganga mai tsawa tana faɗowa a bugu na biyu da na huɗu, amo mai kauri yana bin fiyanon ta ƙarƙashi, kayan busa suna shigowa su soka su fita. Tsakiya kuwa an bar ta fili saboda murya. Saurin kiɗan bai wuce bugu 92 ko kusa da haka a minti ba, wato tafiya ce ta ƙasaita, ba gudu ba, shi ya sa ake rawarsa ba tare da an yi haki ba, kuma shi ya sa yake cika mota idan an ƙure lasifika. Mutanen Los Angeles a mota suke rayuwa, kuma Dre don mota yake haɗa kiɗansa.

To wannan ba sata ba ce?

Da a ce an ɗauka an yi shiru, sata ce. Ba haka aka yi ba. Tun 1991, lokacin da wani alƙali a New York ya yanke hukunci a kan Biz Markie saboda ya ɗebi kiɗan Gilbert O'Sullivan ba izini, manyan kamfanoni suka daina wasa da wannan harka. Ana neman izini, a biya, a sa sunan mai asalin abu. Idan ka duba sunayen marubutan California Love za ka ga Joe Cocker da Chris Stainton a jere da Tupac da Dre.

Ta fuskar fasaha kuma, ɗebo gutsuren tsohon faifai shi ne tushen gambara tun farkonta a unguwar Bronx ta New York a shekarun 1970. Gwanintar tana wurin kunne. Dubban mutane sun ji Woman to Woman cikin shekara ashirin da 'yan kai. Kaɗan ne suka ji cewa akwai wata waƙar daban a kwance cikin 'yan daƙiƙoƙinta na farko.

Muryar nan mai kama da ta mutum-mutumi, ba ita ce irin wadda ake sa wa waƙoƙin fina-finan Hausa ba?

Wannan tambayar ta fi kowace yawa, kuma amsar ita ce a'a, duk da kunne na iya ruɗuwa.

Abin da ake yawan ji a waƙoƙin fiyano na Kannywood shi ne Auto-Tune, manhajar kwamfuta da ke kama muryar mawaƙi ta ja ta zuwa daidai sautin da ake so. Idan aka ƙure ta sai muryar ta riƙa tsalle daga sauti zuwa sauti, ta yi wannan ƙarar ta ƙarfe da kowa ya sani. Sai a 1997 aka fara sayar da ita, kuma waƙar Believe ta Cher a 1998 ce ta sa duniya ta san da ita. Lokacin da aka yi California Love babu ita kwata-kwata.

Abin da Roger Troutman ya yi amfani da shi wani ɗan akwati ne da masu sana'ar ke kira talk box. Ga yadda yake aiki. Makaɗi zai danna fiyanon lantarki, amma maimakon sautin ya fita ta lasifika zuwa ga jama'a, sai ya shiga cikin akwatin, inda wata ƙaramar lasifika ke tura shi cikin tiyon roba. Ƙarshen tiyon yana cikin bakin makaɗin, ta gefe. Sautin fiyanon ya cika masa baki. Shi kuma ba ya rera komai da maƙogwaronsa. Leɓɓansa da harshensa da muƙamuƙinsa kawai yake motsawa kamar mai furta kalma, sai sautin ya ɗauki siffar kalmar, ya fito, makirufo ya kama. Wato yatsu ne ke ba da sauti, baki ke ba da lafazi. Dole su biyun su tafi tare, ba ko ɗan saɓani, ga tiyo a baki yana hana furta wasu haruffa, ga ƙarar tana girgiza haƙora. Mutane da yawa sun gwada, Peter Frampton ma ya yi suna da shi a kan jita a shekarun 1970, amma wajen fitar da kalmomi garau har a yi waƙar soyayya da su, ban ji wanda ya kama ƙafar Roger ba.

Saurari yadda waƙar ke buɗewa. Kafin ganga ta shigo, muryarsa ce ita kaɗai, ya ja sunan jihar Kalifoniya ya lanƙwasa shi, sannan kiɗan ya faɗo. Wannan lanƙwasawar da yatsa ake yin ta, a kan fiyanon. Kwamfuta ba ta gyara masa komai ba.

Wane ne shi Roger ɗin? Ba a cika jin sunansa ba.

Ɗan jihar Ohio ne, an haife shi a 1951, shi da 'yan'uwansa suka kafa ƙungiyar Zapp a yankin Dayton. Waƙarsu More Bounce to the Ounce ta 1980 ta samu gindin zama a Los Angeles fiye da ko'ina, a wurin baƙaƙen fata da 'yan asalin Meziko masu motocin nan da ake sauke wa ƙafa har su kusa taɓa ƙasa. Dre a cikin wannan kiɗan ya tashi. Lokacin da ya kira Roger situdiyo a 1995, ba baƙo ya kira ba. Ɗaya daga cikin iyayen salon da yake ci da shi ya ɗauko.

Akwai wani zagaye mai daɗi a nan. Kalmomin amshin, inda ake cewa Kalifoniya ta iya shagali ana kiran Los Angeles da unguwannin Watts da Compton da ke yankinta, an ɗauko su ne daga West Coast Poplock, waƙar Ronnie Hudson ta 1982. Ita kuma wannan waƙar a kan So Ruff, So Tuff aka gina ta, wadda Roger ya fitar a 1981. Kenan abinsa ne ya je yawo ya dawo masa. Ɓangaren da ake cewa a girgiza jiki kuwa daga Dance Floor ne, ita ma ta Zapp.

Idan ka lissafa, waƙar da ta zama taken Kalifoniya fiyanonta na Ingila ne, amshinta a bakin ɗan Ohio yake, babban mawaƙinta kuma a New York aka haife shi. Dre ne kaɗai ɗan Compton.

Me Dre yake faɗa a baitinsa?

Aikin mai masaukin baƙi yake yi. Ya buɗe da yi wa kowa maraba zuwa yammacin Amurka, ya ce jiharsu ba ta taɓuwa, ya kawo sunan Eliot Ness, jami'in gwamnatin nan da ya yi farautar Al Capone a Chicago zamanin da aka haramta giya, wanda ake yi wa tawagarsa laƙabi da waɗanda ba a iya saye. Daga nan ya zayyana abin da jihar ta yi suna a kai a idon 'yan titi: rana, wiwi, filin rawa da ba ya zama wayam, da masu neman kuɗi ta kowace hanya. Sai ya juya kan kansa, ya ce shekara goma ke nan yana cikin harkar, kuma gaskiyarsa ne, domin tun tsakiyar shekarun 1980 yake tare da ƙungiyar World Class Wreckin' Cru kafin ya shiga ƙungiyar gambara ta N.W.A. Ya ce lu'ulu'un da ke jikinsa sai ka ɗauka Liberace ya yi wa fashi, wato makaɗin fiyanon nan da ya shahara da ado mai ƙyalƙyali. Ya rufe da haɗa jihar daga San Diego a kudu har yankin San Francisco, tafiyar kilomita kusan 800.

Wani ɗan abin dariya: ya kira Kalifoniya jihar hasken rana, alhali wannan laƙabin na Florida ne a hukumance, ita tata jihar zinariya ake ce mata. Babu wanda ya damu.

Salon furucinsa a natse yake. Amsa-amonsa galibi a ƙarshen layi yake, layi huɗu na farko duk a kan sauti ɗaya suka ƙare, kuma kowace kalma tana sauka daidai kan bugu. Ba ya gaggawa, ba ya ɗaga murya. Baiti ne na mutumin da ya san kiɗan nasa ne.

Shi kuma Tupac?

Nan ne waƙar ke canza zafi. Kiɗan bai sauya ba ko kaɗan, amma da ya buɗe baki sai ka ji kamar an ƙara masa sauri.

Layinsa na farko labarin kansa ne tsagwaronsa: an ba da belinsa, yanzu ya fito daga kurkuku. Duk wanda ya saurara a 1995 ya san ba ƙirƙira ba ce, a jarida ya karanta. Kuma dubi yadda ya gina shi: kalmomin bail da jail suna amsa juna a cikin layin, tun kafin a kai ƙarshensa. Wannan amsa-amon ciki shi ne makaminsa a baitin gaba ɗaya. Inda Dre ke jira sai ƙarshen layi ya ajiye amsa-amo, Tupac yana zuba biyu ko uku a hanya, shi ya sa kunne ke jin kamar yana tura kiɗan gaba. Ga kuma yadda yake jan wasalin kalmar ƙarshe da ƙarfi daga ƙirji, abin da ya zama tambarinsa. Kar a manta ya yi karatun wasan kwaikwayo a makarantar fasaha ta Baltimore yana matashi. Ya san yadda ake cika fili da murya.

Layin da ya fi nauyi shi ne inda ya ce a Kalifoniya tarzoma suke yi, ba gangami ba. A tsakiyar waƙar shagali ya jefa shi, ya wuce. Amma Watts ɗin da ake kira a amshi, a can aka yi tarzomar 1965 da ta ci rai 34. A Afrilun 1992 kuma, bayan kotu ta wanke 'yan sandan da aka ɗauka a bidiyo suna dukan Rodney King, Los Angeles ta kama da wuta, mutum sama da 60 suka mutu. Shekara uku kacal kafin waƙar. Kuma mai faɗar maganar ɗan Afeni Shakur ne, 'yar ƙungiyar Black Panther ta gwagwarmayar baƙaƙen fata, wadda ta yi zaman kurkuku da cikinsa. Ya san gangami, ya san tarzoma, ya san bambancinsu.

Nan take ya haɗa wannan da maganar takalmi: su a Los Angeles Chuck Taylor suke sawa, ba Bally ba. Na farko takalmin zane ne mai araha na kamfanin Converse. Na biyu na fata ne mai tsada daga Suwizalan, wanda 'yan gayun New York suka yi yayi a shekarun 1980. Da Cali (Kalifoniya) da rally (gangami) da Bally duk sauti ɗaya ne, don haka a layi biyu ya ɗaure sunan jiha da siyasa da sutura a igiya guda. Sai baƙin tabarau da kakin da 'yan unguwa ke sawa, sai gargaɗi cewa ana ado amma ana taka-tsantsan domin karo da wasu gungun ba wuya. Ya ce Death Row ba ta rusuna wa kowa. Ya roƙi Dre ya ba shi kiɗa ya yi wa titunan birnin waƙa. Ya kuma jero wurare: Long Beach, titin Rosecrans da ya ratsa Compton, Oakland, Sacramento.

Me ya sa ake ta kiran sunayen garuruwa haka?

Bahaushe bai kamata ya sha wahalar gane wannan ba. Kirarin gari ne. Yadda Bakano ke jin wani abu ya motsa masa idan maroƙi ya ce ta Dabo tumbin giwa, haka ɗan Inglewood ko Pasadena ke ji idan aka ambaci garinsa a ƙarshen waƙar. Bambancin kawai, wuraren da aka fi ɗagawa a nan, Watts da Compton, unguwannin talakawa ne da labarai ba sa ambata sai an yi kisa. Waƙar ta sa su a sahu ɗaya da Hollywood.

Akwai dabara kuma. Kudancin jihar da arewacinta kowanne da salon gambararsa da alfaharinsa. Dre ɗan kudu ne. Tupac kuwa a arewa ya fara, domin a 1988 iyalinsa suka koma Marin City, kuma ƙungiyar Digital Underground ta Oakland ce ta fara ɗora shi a dandamali. Su biyun a waƙa ɗaya sun game jihar.

Wa ya fi wani a cikinsu?

A baiti, Tupac, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. Amma tambayar ta ɗan kauce. Ɗauke kiɗan Dre ka ɗora baitin Tupac a kan wani, zai yi kyau, sai dai ba zai zama abin da filin wasa zai ɗauka gaba ɗaya ba. Ɗauke Roger, ka rasa abin da mutane ke rerawa a hanya. A ganina abin da ya sa haɗin ya yi kyau shi ne babu wanda ya shiga gonar wani. Dre ya yi baiti mai sanyi da gangan ko ba da gangan ba, kuma sanyin nan ne ya sa shigowar Tupac ta yi tsawa. Da a ce Tupac ne ya fara, Dre ya biyo baya, da waƙar ta yi ƙasa a rabi na biyu.

Da gaske ne ba Dre ke rubuta baitocinsa ba?

Ba ɓoyayyen abu ba ne. Dre makaɗi ne da farko, kuma ya daɗe yana aiki da marubuta. The D.O.C. ya yi masa rubutu, Jay-Z ne ya rubuta Still D.R.E. ta 1999. Game da wannan baitin, wani marubucin Death Row mai suna J-Flexx ya faɗa a hirarraki cewa shi ya rubuta. A al'adar gambara ana ganin wannan a matsayin aibi ga wanda ke kiran kansa gwanin baiti, amma Dre bai taɓa gina sunansa a kan alƙalami ba.

Na ji iri biyu. Wanne ne na asali?

Mai fiyanon Joe Cocker, mai ƙarfi, shi ne na asali, kuma shi ne aka yi wa shahararren bidiyon. Amma wanda ke cikin kundin All Eyez on Me na Amurka wani juyi ne daban, mai tsawon sama da minti 6, wanda aka gina a kan Intimate Connection ta ƙungiyar Kleeer, ta 1984. Baitocin ɗaya ne, kiɗan ne ya sauya: ya fi laushi, ya fi santsi, Roger ya samu fili sosai a ƙarshe yana wasa da akwatinsa. Labarin da ya fi yawo shi ne Dre ya tanadi na asalin ne don kundin kansa. Masu son na asali a cikin kundin Tupac sai da suka jira Greatest Hits na 1998.

Akwai masu fifita na biyun, musamman don tuƙin dare. Ni dai ina ganin laushinsa ya rage wa baitin Tupac kaifi. Muryar mutumin da ya fito daga kurkuku jiya tana bukatar abin da za ta yi karo da shi, kuma fiyanon Cocker ne ke ba ta wannan.

Bidiyon nan na cikin hamada fa?

Hype Williams ne ya ba da umarni. An kwaikwayi yanayin fim ɗin Mad Max Beyond Thunderdome na 1985, aka ce wai shekarar 2095 ce, duniya ta rushe, ana tsere da motocin ƙarfe a busasshen tafki. George Clinton, uban kiɗan funk wanda Dre ya ɗebi kayansa ba adadi, shi ya fito a matsayin mugun sarki, ɗan wasan barkwanci Chris Tucker yana yaronsa. Babu abin da ya haɗa labarin da kalmomin waƙar. Kuɗi ne aka nuna, da cewa Tupac ya dawo.

Turancina ba ƙarfi. Ta yaya zan ji daɗinta fiye da gyaɗa kai?

Ko wanda aka haifa da Turanci ba ya kama rabin kalmomin a ji na farko, saboda yaren titi ne na wani wuri da wani zamani. Ka raba sauraron. Da farko bi ganga kawai, kana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, ka lura ƙaramar gangar tana faɗowa a biyu da huɗu. Kowane huɗu layi ɗaya ne, sau 16 baiti ya cika. Sannan ka sake, wannan karon ka bi inda numfashin mawaƙi yake. Za ka ji Dre yana hutawa a ƙarshen kusan kowane layi, Tupac kuwa yana tsallaka ƙarshen layi ya shiga na gaba kafin ya ja iska. Bayan haka sai ka nemi rubutattun kalmomin ka bi da ido. A yi wannan da abin sawa a kunne mai kyau ko lasifika mai ɗaukar amo mai kauri. Lasifikar waya tana yanke kasan kiɗan, kuma rabin aikin Dre a can yake.

Akwai batsa a ciki? Zan iya kunna ta a gaban yara?

Akwai maganar mata da kalmomin da ba na mutunci ba, akwai giya, akwai wiwi, akwai kawalai da masu sayar da ƙwaya, kuma ba a kawo su don a yi tir da su ba. Idan aka gwada ta da sauran waƙoƙin Death Row, tana cikin masu sauƙi, akwai kuma wadda aka tace don rediyo. Amma tacewar kalma take cirewa, ba ma'ana ba. Mai gida ya san gidansa.

Waƙar zagin New York ce?

Ba kai tsaye ba. Babu sunan kowa a ciki. Sai dai ta fito ne a tsakiyar rikici. An harbi Tupac a wani situdiyo a Manhattan a Nuwamban 1994, ya kuma zargi mutanen kamfanin waƙa na Bad Boy da ke New York, su Notorious B.I.G. da Puff Daddy, da sanin abin da ya faru, zargin da suka musanta. A Agustan 1995 Suge Knight ya yi wa Puff Daddy gugar zana a bainar jama'a wurin bikin kyaututtukan mujallar The Source, a New York ɗin kanta. A irin wannan yanayi, ɗan New York ya fito ya ce shi na yamma ne, takalminsu ma daban, kowa ya gane saƙon. Zagin ƙarara ya zo ne daga baya a Hit 'Em Up, a tsakiyar 1996.

Ta ci kyautar waƙa ta Grammy?

An sa ta a takara a 1997, rukunin gambarar haɗin gwiwa, amma Tha Crossroads ta Bone Thugs-n-Harmony ce ta ɗauka.

Ina mutanen uku suke yanzu?

An harbi Tupac a Las Vegas ranar 7 ga Satumba 1996, ya cika ranar 13 ga wata, yana da shekara 25, wata tara bayan fitowar waƙar. Masu cewa yana raye a wani tsibiri sun daɗe suna faɗa. Asibiti da hukuma da mahaifiyarsa duk sun tabbatar da mutuwarsa. Roger Troutman ya rasu a Afrilun 1999 a Dayton, harbinsa aka yi a kusa da situdiyonsa, kuma 'yan sanda sun ce yayansa Larry ne ya harbe shi sannan ya kashe kansa. Sunan Larry ɗin yana cikin jerin marubutan California Love.

Dre yana nan. Aftermath ɗin da ya kafa ita ta fito da Eminem da 50 Cent da Kendrick Lamar. Ranar 13 ga Fabrairu 2022, shekara 26 cif bayan fitowar All Eyez on Me, ya rera baitinsa na wannan waƙa a hutun rabin lokaci na Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka, Snoop Dogg na gefensa, a filin SoFi da ke Inglewood, ɗaya daga cikin garuruwan da ya kira da bakinsa a ƙarshen waƙar.

Idan na so ta, me zan saurara bayanta?

Fara da iyayenta: Woman to Woman, sai So Ruff, So Tuff, sai West Coast Poplock, a jere haka, sannan ka dawo mata. Za ka ji ɗinkin da aka yi. Don jin Roger a natse, Computer Love ta 1985. Don jin Dre da abokin da ya fi dacewa da shi, Nuthin' but a 'G' Thang shi da Snoop, inda su biyun ke miƙa wa juna layi, abin da shi da Tupac ba su yi ba a nan. Sai Can't C Me, ɗaya aikin nasu a kundin, inda George Clinton ya karɓi gurbin Roger, Tupac kuma ya riƙe baitocin duka shi kaɗai.